Makulli A Cikin Waya: Shin Wa Ke Da Motar?

Gabatarwa

Mai karatu zai iya yin mamaki idan ya ga an ɗauko maganar motar lantarki a mujallar marubuta, musamman da yake daga kudancin Kano muke magana, inda har gobe a ƙauyuka da yawa na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sai mutum ya kai wayarsa shagon mai caji ya biya kafin ta kawo wuta. Wani ma zai ce, ina ruwan biri da gada? Amsarmu ita ce, motar ce ba ta cika tashoshinmu ba tukuna, amma makullinta ya riga ta isowa, yana nan cikin aljihun kusan kowannenmu.

Ita ma motar tana tafe. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk direban da ke lodi daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada ya san abin da wannan ya yi wa balas ɗinsa, don haka duk abin hawan da ba ya shan mai dole ya ja hankalinsa. A ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka haɗa a Legas. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuwa, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire wa ƙananan motocin haya injin mai ya sa musu batir, sannan a Disambar 2023 gwamnatin Borno ta ƙaddamar da motocin haya na lantarki. Abin da ya isa Sakkwato da Maiduguri ba zai daɗe bai biyo hanyar Zariya ba.

Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: idan ƙofar abu ba ta buɗuwa sai da yardar wani wanda ba mu taɓa gani ba, shin abin nan namu ne, ko kuwa aro aka ba mu?

Yadda Waya Ta Zama Makulli

Ya kamata mu fara fahimtar yadda abin yake aiki, don kada mu yi hukunci a kan jita-jita. A 2017 kamfanin Tesla na Amurka ya fito da motarsa Model 3 ba tare da makullin ƙarfe ba. Mai motar zai sa manhajar kamfanin a wayarsa, ya shiga da sunansa da lambar sirri, sai a haɗa wayar da motar. Daga nan, da zarar ya matso kusa da ita da wayar a aljihu, sai su gane juna ta hanyar Bluetooth, ƙofa ta buɗe, ya shiga ya ja. In ya fita ya yi nisa, ta kulle kanta. Ana kuma ba shi wani kati mai kama da katin banki wanda zai ɗora a jikin motar idan wayar ta ƙi. A 2020 kamfanin Apple ya kawo irin wannan tsari tare da BMW, har mai mota yana iya aika wa ɗansa makulli ta saƙon waya, ya ƙayyade masa iyakar gudun da zai yi, in ya ga dama kuma ya janye makullin daga inda yake zaune.

Adalci shi ne mu faɗi cewa abin yana da daɗi, kuma masu ƙera shi ba wawaye ba ne. Buɗe ƙofa ta Bluetooth ba ya buƙatar sabis, don haka ko a tsakiyar dajin Falgore, inda sabis kan ɗauke, motar za ta buɗe muddin wayar tana da caji kuma ba a fita daga manhajar ba. Wasu wayoyin ma suna ajiye ɗan ragowar batir da zai buɗe mota na wasu sa'o'i bayan sun mutu.

To amma fa bayan wayar akwai asusu, bayan asusun akwai babbar kwamfutar kamfani a wata ƙasa. Ranar 19 ga Nuwamba, 2021, wannan kwamfuta ta Tesla ta sami matsala na wasu sa'o'i, sai ga direbobi a Amurka da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashe suna kokawa cewa sun kasa shiga motocinsu ta manhaja, har shugaban kamfanin, Elon Musk, ya fito ya ba da haƙuri. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka saba da waya har suka daina fita da katin. A Yunin 2024 kuma wani kamfanin motar lantarki na Amurka mai suna Fisker ya karye, sai masu motocinsa suka wayi gari suna neman yadda za su ci gaba da samun manhajar da motocinsu suka dogara da ita, har sai da suka kafa ƙungiya don wannan. Motocin ba su je ko'ina ba, tayoyi da batir duk suna nan. Wanda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar ne ya faɗi.

Mabuɗi Da Makulli

Harshenmu ya ba ƙarfe guda suna biyu. Muna ce masa mabuɗi, daga buɗewa, muna kuma ce masa makulli, daga kullewa. Ga wanda ke riƙe da shi mabuɗi ne, ga wanda aka bari a waje kuwa makulli ne. A tsohon tsari duka ayyukan biyu a hannu ɗaya suke. Magidancin da ya rataya makullin rumbunsa a wuya, shi ke buɗewa, shi ke kullewa, kuma maƙerin da ya ƙera kwaɗon ba shi da sauran iko a kai tun ranar da aka biya shi. Ko maƙerin ya mutu, ko ya yi ƙaura, ko sun yi faɗa, rumbu zai ci gaba da buɗuwa.

Sabon tsari ya raba sunayen biyu. An ba mu buɗewa, an riƙe kullewa. Wayar da ke aljihunmu tana buɗe mota ne saboda kamfani ya shaida wa motar cewa wannan asusu shi ne mai ita, kuma wanda ya ba da shaida yana iya janye ta, ko da gangan, ko bisa kuskure, ko don wata hukuma ta umarce shi, ko don wani ɓarawon intanet ya yi shigar burtu da sunansa. Wannan shi ne bambancin mallaka da aro. Mai aro yana hawan doki kamar nasa, yana sukuwa kamar nasa, ba a gane bambancin sai ranar da mai doki ya aiko. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ba don guntun ya fi kaifi ba, sai don ba ka jiran kowa kafin ka sari itace.

Akwai kuma maganar gado, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Idan magidanci ya rasu, ana laluba aljihun rigarsa a ciro makullai a danƙa wa babban ɗa ko wani dattijo har a raba gado. Makullin da ke cikin waya kuwa yana bayan lambar sirri ko zanen yatsa, waɗanda ake binne su tare da mai su. Iyalai da yawa sun riga sun ɗanɗani wannan a kan kuɗin da mamaci ya bari a manhajar banki, marayu na kallon waya, waya na kallonsu. Ranar da mota ta shiga wannan layi, za a ga abin hawa a ƙofar gida yana shan ƙura alhali magada suna bin kamfani da takardu.

Mun Riga Mun Ɗanɗana

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma cikin shekara ashirin ta tashi daga abin gaisawa ta koma makullin kusan duk ƙofofinmu. Sau da yawa kuma an kulle mu a waje.

A Satumbar 2021 aka katse sabis a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da 14 na Sakkwato da wani yanki na Kaduna. Ba muna jayayya da dalilin hukuma ba ne, abin lura shi ne takarda guda daga ofis ta isa ta mayar da wayoyin miliyoyin mutane tocila. A Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba yin kira. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma tiransifa. Manomin da ya kai shinkafa kasuwar Tudun Wada, ko masara daga Doguwa, ya ga yadda ciniki kan faɗa a tsaya ana kallon waya ana jiran saƙon shigar kuɗi, rana ta faɗi saƙo bai zo ba. Mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa, ko ya sayi nairarsa da naira a wajen mai POS. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, harkar bankuna ta tsaya cik ga mutane da yawa, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin teku ba. A Oktoban 2024 kuma Kano da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wuta bayan an lalata manyan layukan lantarki. Mu da muke zaune a gefen madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, mun san ruwa kusa ba shi ke nufin wuta a gida ba.

Mu malaman makaranta muna ganin wani ɓangaren. Rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu a yanzu tana ɗaure da layin waya. Yaron da ba shi da waya yakan ari layin yayansa ko na maƙwabci, in mai layin ya tafi cirani ko layin ya ɓata, sai a ga yaro mai ƙoƙari yana zarya a kan abin da ba shi da alaƙa da karatunsa.

Sai kuma ƙwacen waya, wanda ya yi ƙamari a birnin Kano har a Mayun 2023 gwamnatin jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Me ya sa yaro zai soki mutum a kan waya? Ba don gilashi da roba kaɗai ba ne. Ya san a cikinta akwai hanyar asusun banki. Duk ƙofar da muka ƙara ɗora wa waya, mun ƙara mata daraja a idon mai wuƙa. Ranar da mota ta shiga ciki, wanda ya fizge waya a bakin kasuwa ya fizge banki da shaidar ɗan ƙasa da abin hawa a lokaci guda. A da mutum yakan rarraba: kuɗi a lalita, makulli a wuya, takardu a adaka, don in ɓarawo ya sami ɗaya bai sami saura ba.

Ai Dama Dogaro Muke Yi

Wani mai hankali zai iya tare mu ya ce: yaushe ne ɗan Adam ya taɓa tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai? Motar fetur ma ai tana jiran matatar mai da tanka da gidan mai, kuma mun sha kwana a layi. Makullin ƙarfe yana ɓata, yana karyewa a cikin ƙofa, ɓarawo yana yanka irinsa, yana ma haɗa waya biyu ya tayar da mota ba tare da shi ba. Motar da waya ke buɗewa ta fi wuyar sata ta wannan hanya, kuma in an sace ta ana iya ganin inda take. Don me za a tsorata mutane da abin da ya fi na da tsaro?

Wannan magana tana da ƙarfi, kuma tarihin yankinmu yana goyon bayanta. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi cikin fataucin goro na hanyar Gwanja, sana'ar da gaba ɗayanta dogaro ce: falke ya dogara da madugu, madugu ya dogara da jagaba, dukansu sun dogara da fatoman da zai sauke su a garin da ba su da dangi. Masu ba da tarihinsa sun ce a 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙumi 20 bankin Turawa da ke Kano, wanda a yau ake kira First Bank. Ke nan attajirin da ya fi kowa sanin darajar kuɗi a zamaninsa ya yarda ya danƙa dukiyarsa ga baƙi ya karɓi takarda. Dogaro ba abin kunya ba ne, da shi ake ciniki, da shi ake zaman gari.

Sai dai mu duba irin dogaron. Falke ya san fuskar fatomansa, ya san gidansa, ya san in ya ci amana labari zai riga ayari isa Kano, sana'arsa ta mutu. In rigima ta taso akwai inda za a je, gaban sarkin kasuwa ko dagaci ko alƙali. In abin ya ƙi daɗi, baɗi sai falke ya sauka a wani gidan. Haka bakaniken Kwanar Ɗangora yake a wurin direba: an san shi, ana iya kai ƙararsa wajen shugabannin tasha, ana iya barinsa a koma na gaba. In makulli ya ɓata a Riruwai, akwai mai wayarin da zai tayar da motar kafin la'asar.

Dogaro da makullin waya ya rasa waɗannan duka, ko aƙalla ya raunana su. Ba mu san fuskar kowa ba. Yarjejeniyar doguwar takarda ce da Turanci wadda muke danna amincewa da ita ba mu karanta ba, kuma wanda ya rubuta ta yana iya canza ta. Kotun da za ta saurari ƙarar tana iya kasancewa a hayin teku. Ba kuma za a ce an bar wannan kamfani an koma wani ba, tunda motar ba ta jin maganar kowa sai wanda ya ƙera ta. Don haka muhawarar ba tsakanin zamani da gargajiya take ba. Tsakanin dogaro da wanda za ka iya tuhuma take da dogaro da wanda ba ya ma jin sallamarka.

Idan Igiyar Ta Dawo Hannunmu

Har zuwa nan muna magana kamar mu ne kullum abin tausayi. Akwai ɗaya fuskar, kuma ita ce ta fi shafar halinmu. A Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, yawancin abin hawa na neman abinci ne, kuma sau da yawa mai shi daban, mai tuƙa shi daban. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama yakan sayi mota ko babur ko adaidaita sahu ya ba wani, a yi yarjejeniyar balas na kullum ko na mako, ko a biya sannu a hankali har abin ya zama na direba. Ranar da ake miƙa makulli a gaban shaidu, amana ake miƙawa, domin daga lokacin mai mota ba shi da ido a kan hanya.

Makullin waya ya ba mai mota irin ikon da kamfani ke da shi a kansa. Yana kwance a ɗaki zai ga motar ta wuce Falgore ta nufi Saminaka, ya ga gudun da ake yi, ya ga inda aka tsaya, in ya so kuma ya hana ta tashi. Wannan ba mafarki ba ne. Tun a 2014 jaridar New York Times ta ba da rahoton yadda masu ba da bashin mota a Amurka ke sa wata na'ura da ke hana mota tashi idan biya ya yi jinkiri. A nan gida ma akwai masu sa wa mota na'urar bin sawu mai kashe inji, akwai kuma kamfanonin da ke ba da waya ko fitilar sola bashi, in ba a biya ba abin ya kulle kansa.

Ba za mu ce mai mota ba shi da hujja ba. Kowa ya san labarin direban da ke satar lodi ya ce babu fasinja, ko ya canza sabuwar taya da tsohuwa, ko ya gudu da motar marayu. Wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya kare dukiyarsa. To amma akwai abubuwa biyu da za mu yi asara in ba mu yi hattara ba.

Na farko ita ce amanar kanta. Ana kiran mutum amintacce ne saboda ya sami damar cuta bai cuta ba. Direban da ake kallo dare da rana, in ya kawo balas cif, ba a san ko gaskiya ce ta sa shi ko ido ba, shi ma kansa ba zai sani ba. A da direba yakan yi shekara goma da maigida har a ba shi 'ya ko a saya masa tasa motar, saboda an gwada shi a inda babu mai gani. Yaran da za su tashi a ƙarƙashin na'ura ba za su sami wannan filin gwaji ba.

Na biyu ita ce kunya. A tsohon tsari, mai motar da ke son karɓe makullinsa sai ya taka ya je, ya yi sallama, a gaisa, ya ga yaron direban kwance ba lafiya, 'yan kamasho da dattawan tasha su sa baki, sau da yawa a tashi da ƙarin mako guda. Ido da ido yana hana mutum aikata wani abin da doka ta ba shi dama. Yanzu babban yatsa ya isa. Mu ɗauka direba ya tsaya da magariba a gefen dajin Falgore don fasinja su yi alwala, da mata da yara a mota, ya dawo mota ta ƙi tashi saboda balas ɗin kwana biyu. Mai motar bai ga dajin ba, bai ga duhun ba, lamba kawai ya gani a waya. Ba mugu ba ne, nisa ne ya ɗauke masa abin da zai sa ya ji nauyi. Irin nisan nan ne kuma ke tsakaninmu da kamfanin da muke kuka da shi. Wanda bai ji daɗin a kulle shi daga nesa ba, bai kamata ya yi saurin kulle na ƙasa da shi daga nesa ba.

Abin Da Ya Kamata

Ba muna kira a guji motar lantarki ba. Ƙasar da rana ke dukanta wata goma sha biyu, kuma mai ya fi ƙarfin talaka, ba ta da dalilin ƙin abin hawan da rana za ta iya ciyarwa. Zamani riga ne, amma akan gwada riga kafin a biya tela.

Duk wanda zai sayi irin wannan abin hawa, mota ce ko babur ko mai ƙafa uku, ya tambayi dillali tun kafin ciniki ya faɗa: ban da ni, wa ke iya kulle ta? Tana tashi in babu sabis, in waya ta mutu, in kamfanin ya rufe? In na mutu, ta yaya magadana za su karɓa? Dillalin da ya kasa amsa waɗannan bai gama sayar da motar ba, ko da ya karɓi kuɗi. Sannan makulli na biyu, kati ne ko ƙarfe, kada a bar shi a gida don an saba da waya, kada kuma a cusa shi a bayan rigar wayar, inda ɓarawo ɗaya zai tafi da duka biyun. Wani amintacce a gida ya san yadda ake shiga asusun, kamar yadda uwargida kan san inda makullin rumbu yake.

Tsakanin mai mota da direba kuwa, tunda na'ura ta shigo, sai yarjejeniya ta faɗaɗa. A faɗa wa direba a gaban shaidu cewa akwai ta. A rubuta cewa ba za a kashe mota tana kan hanya ko da fasinja a ciki ba, sai an yi gargaɗi na kwanaki, sai kuma shugabannin tasha sun ji ta bakin kowa. Ƙungiyoyin direbobi suna da ƙarfin da za su sa wannan ya zama al'ada tun kafin majalisa ta waiwayo shi. Su ma 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi, haƙƙinsu ne su nemi dokar da za ta tilasta duk mai shigo da irin waɗannan motoci ya ba da makullin da ba ya jiran kowa, ya kuma ajiye ofis a ƙasar nan inda za a iya kai ƙararsa.

Kammalawa

Saura namu, marubuta. Littattafanmu na soyayya cike suke da attajirin da ke kaɗa makullin mota a gaban budurwa, ko ya miƙa mata shi a matsayin kyauta, kuma mai karatu ya gane nan take cewa an mallaka mata. Marubucin da zai rubuta wannan fage nan gaba sai ya san cewa saurayin na iya janye kyautar daga ɗakinsa ranar da aka ɓata, yarinya ta fito da ƙawayenta mota ta ƙi buɗewa. Akwai labarai da yawa a nan waɗanda ba a taɓa ba: marayu da motar da ba ta san su ba, direba da maigidan da ke kallonsa ta waya, manomi da kuɗinsa da suka maƙale a iska. Akwai kuma aikin samar wa waɗannan abubuwa sunaye na Hausa, domin mutum ba ya iya tuhumar abin da bai san sunansa ba, kuma takardar da aka ce ya amince da ita ya kamata a ce akwai ta cikin harshen da yake ji.

Mun kawo abin da muka hango daga wannan kusurwa ta kudancin Kano. Muna fatan 'yan'uwa, musamman waɗanda suka san harkar tasha da ta shari'a fiye da mu, za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba, ko da kuwa saɓa mana za su yi. Allah Ya sa mu dace.